Kwas ɗin tuƙin Amurka a Garwa: darasin bel ya ci kuɗinsa, motar koyo ta gaza

A cikin makarantun koyon tuƙi da ke Garwa akwai wadda ta ƙara wani kwas a kan aikinta na yau da kullum, ta keɓe shi domin mutanen da suka riga suka iya mota kuma suke da lasisin Kamaru a aljihu, amma suna shirin tafiya Amurka, wasu karatu, wasu zama wurin iyali, wasu kuwa ziyarar 'ya'ya da jikoki. Ina cikin rukuni na ƙarshe, kuma na biya kuɗina kamar kowa, sefa 35,000, ban da abin da ake karɓa na buga takardu. Na bar sunan makarantar a rufe domin abin da zan faɗa ya haɗa yabo da suka, kuma duk mai nemanta da gaske zai same ta idan ya tambayi direbobin tasha.

Ana zama ne da yamma bayan la'asar, a wani ɗaki mai fanka biyu da taswirar Amurka a bango. Malamin dattijo ne da ya yi shekaru yana tuƙin tasi a can kafin ya dawo gida, yana koyarwa da Faransanci, idan ya ga ɗaki ya yi tsit sai ya juya zuwa Hausa ko Fillanci. Yawancin darussan ba su buƙatar dogon sharhi: mayar da mil zuwa kilomita, sanin wanda zai fara wucewa a mararrabar da kowane ɓangare yake da alamar tsayawa, wajabcin tsayawa idan motar 'yan makaranta ta kunna jajayen fitilunta, da sabawa da mota mai canza giya da kanta. An koyar da su daidai gwargwado, kuma mai haƙuri zai iya samun irinsu kyauta a waya. Abin da ya bambanta kwas ɗin da sauran shi ne darasin dokar ɗaura bel.

Mu a nan mun taso ne a kan ƙasa ɗaya, doka ɗaya. Direban da ya tashi daga Ngaundere ya gangaro ta Mbe, ya tsallake gadar Binuwai a Garwa, ya wuce Marwa har ya kai Kuseri, ya ratsa yankuna uku masu gwamnoni uku, amma dokar hanya ba ta sauya masa ko da harafi ɗaya ba, domin gwamnan yanki naɗaɗɗe ne da yake zartar da abin da aka tsara a Yawunde. Ko ya haye gada ya shiga Njamena, ƙa'idar hanya da ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, suka amince da ita a 2001 ita ce ginshiƙi a ɓangarorin biyu. Maƙwabtanmu na Najeriya ma, duk da jihohinsu 36, tilasta ɗaura bel da hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ta fara a Janairun 2003 ya hau kan ƙasar ce baki ɗaya. Saboda haka kowane ɗalibi yakan shigo ajin da tambaya guda, wato me dokar Amurka ta ce, kuma aikin farko da malamin ya yi, wanda ya yi shi da gwaninta, shi ne ya nuna mana cewa tambayar ba ta da amsa sai an faɗi sunan jiha.

Ya fara da raba iko gida biyu. Gwamnatin tarayya da ke Washinton tana da iko a kan mai ƙera mota, jiha kuma tana da iko a kan mai tuƙa ta da wanda ya ɗauko. Tun daga Janairun 1968 dokar tarayya ta wajabta wa kamfanoni su sa bel a kowace sabuwar ƙaramar mota, amma ba ta da hurumin cewa mutum ya ɗaura, saboda kundin tsarin mulkin ƙasar ya bar wa jihohi duk ikon da bai damƙa wa tarayya ba, kuma lasisin tuƙi da tarar hanya suna cikin abin da aka bar musu. Haka aka shafe shekara 16 motoci suna fitowa da bel ba tare da wata jiha ta ce a ɗaura ba, alhali jihar Biktoriya ta Ostareliya ta yi tata dokar tun 1970. An ma gwada dabarar inji, motocin 1974 suka fito da na'urar da ke hana mota tashi sai an ɗaura bel, jama'a suka yi ca, majalisar tarayya ta soke sharaɗin kafin shekarar ta ƙare. A 1983 masu ɗaurawa ba su wuce kusan 14 cikin 100 ba.

Abin da ya motsa jihohin ya zo ne ta bayan gida. A 1984 sakatariyar sufuri ta lokacin, Elizabeth Dole, ta fitar da ƙa'ida cewa dole kamfanoni su fara sa kariya mai aiki da kanta, irin su jakar iska, sai fa idan jihohin da suka ƙunshi kashi biyu cikin uku na al'ummar ƙasar sun kafa dokar ɗaura bel kafin Afrilun 1989. Kamfanonin da ke gudun tsadar jakar iska suka duƙufa wajen lallashin majalisun jihohi. New York ce ta fara, dokarta ta soma aiki a Disambar 1984, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowace majalisa tana rage abin da masu zaɓenta ba za su haɗiye ba. A Masacuset da Nebraska jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 1986 suka soke dokar, sai bayan shekaru aka sake kafa ta. Na yaba wa malamin da ya ba wannan tarihi lokaci, domin wanda ya san cewa kowace doka ciniki aka yi kafin a same ta ba zai yi mamakin ganin ramuka a jikinta ba, kuma ya fi saurin riƙe bambance-bambancen da wanda aka miƙa wa jadawali aka ce ya haddace.

Babban bambancin da ya dace kowane direba ya sani shi ne ko ɗan sanda yana da ikon tsayar da mota saboda bel kaɗai. A jihohi fiye da 30, da birnin Washinton, rashin ɗaura bel laifi ne mai zaman kansa, da zarar ɗan sanda ya hango kafaɗar direba babu bel zai iya kunna fitila ya tsayar da shi. Kalifoniya, Teksas, New York, Merilan, Jojiya da Fulorida duk suna cikin wannan sahu. A wasu jihohi goma sha wani abu, irin su Ohayo, Fensilbaniya, Bajiniya, Masacuset, Kolorado da Arizona, laifin ɗan rakiya ne, wato sai an tsayar da mutum saboda wani abu dabam, gudu ko matacciyar fitila ko tsallake jar danja, sannan a ɗora masa tarar bel a kai. Kalifoniya ce ta fara sauya sheƙa daga tsari na biyu zuwa na farko a 1993, kuma daga 2005 tarayya ta riƙa ba da tallafin kuɗi ga jihar da ta yi hakan, tunda ba ta da ikon tilasta mata. Sai kuma New Hampshire, wadda ita kaɗai ce ba ta wajabta wa baligi ɗaura bel ba, dokarta ta tsaya a kan wanda bai kai shekara 18 ba. A faɗin ƙasar masu ɗaurawa a gidan gaba sun kai 91.9 cikin 100 a 2023, a New Hampshire kuwa adadin yana yawo ne a wajen kashi uku cikin huɗu.

Wurin da darasin ya fi armashi shi ne maganar kujerar baya. Malamin ya miƙa wa wani matashi sanda ya ce ya tsaya gaban taswira, sannan ya dubi wata dattijuwa da ke shirin zuwa wurin 'yarta ya ce, “Hajiya, a ce wannan yaron ya ɗauko ki daga arewacin Bajiniya zai kai ki biki a New York, kina zaune a baya ba ki ɗaura ba, bari mu ga sau nawa hukuncinki zai sauya.” Tafiyar ba ta kai nisan Ngaundere zuwa Marwa ba. Matashin ya ɗora sanda a Merilan, inda bel ya wajaba a baya amma laifin ɗan rakiya ne, ko da yake a gidan gaba mai zaman kansa ne. Ya matsa zuwa Delawe, inda za a iya tsayar da motar saboda Hajiya kaɗai. Idan suka bi ta Filadelfiya sun shiga Fensilbaniya, inda dokar ba ta taɓa baligin da ke baya ba sam. A New Jersey an koma irin tsarin Merilan, da sun haye gada sun shiga New York kuma an koma ga tsananin Delawe. Hajiya ta ce, “To Malam, ai gara in ɗaura tun daga ƙofar gida in huta da lissafi.” Aka yi dariya, malamin ya ce a ci gaba. A ganina wannan ce magana mafi amfani da aka yi a ɗakin, kuma zan dawo kan yadda aka bar ta ta wuce.

Tarar ma ba ta da ma'auni guda, kamar mudun kasuwa take, na Fitowa dabam na Gidar dabam. A Misuri dala 10 ce, abin da bai wuce wajen sefa 6,000 ba gwargwadon canji. A Bajiniya dala 25, a Ohayo dala 30 ga direba da dala 20 ga fasinja, a New York har dala 50. Ta Kalifoniya ce mai yaudara, domin a rubuce dala 20 ce a karon farko, amma idan aka tara kuɗaɗen kotu da sauran ƙare-ƙare takan haura dala 160, wato wajen sefa 90,000 ko fiye. Wanda zai biya shi ma ya danganta da jiha: a New York fasinjan da ya kai shekara 16 shi ake rubuta wa takarda, direba kuma yana ɗaukar alhakin yaran da ba su kai ba, har da makin laifi uku a lasisinsa, alhali a Kalifoniya ana iya kama direba saboda baligin da ya ɗauko. Akwai kuma keɓe-keɓe na ban mamaki, misali a Jojiya baligin da ke cikin akori-kura ba ya cikin dokar sai a 2010, saboda tasirin 'yan majalisar yankunan manoma.

Malamin bai bar mu mu raina ƙaramar tara ba, ya kawo shari'ar Gail Atwater. A 1997 a garin Lago Vista na Teksas ɗan sanda ya tsayar da ita tana tuƙi da 'ya'yanta biyu, babu wanda ya ɗaura bel, ya sa mata ankwa ya kai ta ofis, aka ba da belinta, daga baya ta biya tarar dala 50. Ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, kuma a 2001 alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa kamun bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Daga nan ya koya mana abin da ake yi idan an tsayar da mutum, wanda ya saɓa wa ɗabi'armu ta fitowa daga mota a nufi jami'i da takardu a hannu. A can zama ake yi, a sauke gilashi, a ɗora hannaye biyu a kan sitiyari, kuma ya nanata cewa kada a kwance bel kafin ɗan sandan ya iso taga, domin idan ya tarar da shi a kwance ba shi da dalilin yarda cewa yanzu aka cire. Ya gargaɗe mu da babbar murya cewa miƙa wa jami'i kuɗi a bakin hanya laifi ne da ya fi na bel nesa ba kusa ba. Ya kuma faɗi abin da wasu malamai za su ji nauyin faɗa, cewa baƙar fata ya fi kowa buƙatar toshe duk wata kafar da za a tsayar da shi, kuma maganar tana da madogara, tunda rahoton da ACLU, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka, ta fitar a 2016 ya nuna cewa a Fulorida a 2014 an ci tarar baƙaƙen direbobi a kan bel kusan ninki biyu na farare. Wannan ɓangare shi kaɗai ya isa rabin kuɗin kwas ɗin.

Sukata ta farko ita ce an koyar da dokar ne ta fuskar inda ake kamu da inda ake kuɓuta. Wani ɗan kasuwa ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to a wace jiha ce mutum zai huta da wannan igiya?” Malamin ya ce New Hampshire, ya ƙara da cewa a Fulorida da Ohayo da Jojiya baligi yana iya zama a baya hankali kwance, aka rubuta a littafi, aka wuce. Amsar daidai ce a doka, amma an bar mutumin da tunanin cewa bel haraji ne da wasu jihohi suka yafe. Ko sau ɗaya ba a ambaci cewa hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta ƙiyasta bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke gidan gaba na ƙaramar mota da kashi 45 cikin 100 ba, ko cewa ta lissafa rayuka 14,955 da ya ceta a 2017 kaɗai, ko cewa kusan rabin waɗanda suke mutuwa a cikin ƙananan motoci a ƙasar ba su ɗaura ba, duk da cewa marasa ɗaurawa ba su kai ɗaya cikin goma na masu zama a gidan gaba ba. Ba a ce karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10 ba, kuma ba a ce wanda ke baya ba tare da bel ba jikinsa kan direba yake afkawa idan an yi taho-mu-gama. Ɗaliban da ke ɗakin mutanen Garwa ne, kuma dalilanmu na ƙin bel sanannu ne: zafin watan Maris da Afrilu da ke mayar da ƙarfen makulli kamar an ciro shi daga wuta, shadda mai sitaci da ba a so ta yamutse a hanyar ɗaurin aure, da tsoron maƙalewa idan mota ta kama da wuta. Malamin da ya iya bayanin ƙa'idar 1984 zai iya amsa waɗannan a cikin minti goma, kuma maganar Hajiya ta buɗe masa ƙofar da bai shiga ba. An kuma tsallake wani bambanci da ya shafi aljihu fiye da tara, wato a wasu jihohi, ciki har da New York, idan wani ya buge ka kuma aka tabbatar ba ka ɗaura bel ba, kotu tana iya rage diyyar da za a biya ka, alhali wasu jihohin sun hana a kawo wannan hujja.

Ta biyu ita ce takardar da aka raba mana. Jadawali ne na jihohi 50 a shafi biyu, an buga shi an sake bugawa har layukan sun fara haɗewa, kuma babu kwanan wata a jikinsa. A layin New York an rubuta cewa baligin da ke baya ba ya cikin doka, alhali tun 1 ga Nuwamban 2020 aka wajabta wa duk wanda ya kai shekara 16 ɗaurawa a kowace kujera. Malamin ya gyara wannan da baki, amma wanda bai zo ranar ba ya tafi da kuskuren a jaka. A layin Bajiniya ma an nuna gidan gaba kaɗai, ko da yake daga Yulin 2025 dokar jihar ta haɗa da manyan da ke baya, kuma wannan babu wanda ya gyara shi a aji. Kwas ɗin da tushensa shi ne cewa majalisu 50 suna taɓa dokokinsu lokaci zuwa lokaci bai kamata ya dogara da takarda marar shekara ba.

Maganar yara an yi mata gaggawa, alhali kusan rabin ɗaliban kakanni ne da za a bar wa jikoki su kai makaranta. An faɗa mana cewa kujerar yaro wajibi ce a ko'ina, kuma haka ne, Tenesi ta fara a 1978, zuwa 1985 duk jihohi sun bi. Amma a nan ne bambancin ya fi yawa kuma tarar ta fi zafi. A Kalifoniya yaron da bai kai shekara biyu ba yakan zauna a kujerar da ke kallon baya sai in ya kai wani nauyi ko tsayi da doka ta ƙayyade, wanda bai kai takwas ba kuma yana buƙatar kujerarsa a gidan baya, a Fulorida kuwa wajabcin kujerar ya tsaya a shekara biyar. Babu ko kujerar yaro guda a makarantar da za a nuna yadda ake ɗaure ta, ga mutanen da suka saba rungume jariri a cinya a gidan gaba kuma yawancinsu ba su taɓa riƙe irin kujerar a hannu ba.

Inda makarantar ta fi ba ni kunya shi ne motar koyo. Tsohuwar mota ce mai canza giya da kanta, injinta lafiya lau, birkinta yana kamawa, kuma ana fita da ɗalibai huɗu a lokaci guda, ɗaya a sitiyari, uku a baya suna jiran layi, a bi hanyar Fitowa a dawo. Bel ɗin direba yana aiki. Na kujerar malami an zagaya da shi ta bayan kujera an maƙale shi tun tuni domin a kashe ƙarar gargaɗi, shi kuma yana zaune a kansa. A baya na ja bel daga kafaɗa ya fito har ƙarshe ya tsaya a sake, bai koma ba, na laluba neman makullinsa na tarar an lulluɓe kujerar da riga mai kauri wadda ba a huda mata ramuka ba, makullan suna can ƙarƙashi. Na tsakiya kuwa an yanke shi, guntun yana leƙowa daga tsagar kujera. Da na yi magana malamin ya ce, “Alhaji, ai nan gida ne, ba mai tambayar na baya.” Mutumin da ya gama koya mana hukuncin Delawe da New Jersey dalla-dalla shi ne ya ɗauke mu a kan babbar hanya mai tireloli da babura da shanu ba tare da abin riƙewa ba, kuma ɗalibin da ke tuƙi sabon hannu ne a irin wannan mota, ƙafarsa ta hagu tana neman kuloci tana taka birki. Ɗabi'ar ɗaura bel a hannu take zama, ta hanyar maimaitawa duk lokacin da aka rufe ƙofa, kuma waɗannan fitowar su ne kaɗai damar da makarantar take da ita ta dasa ta.

Na kai maganar ga mai makarantar. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, “Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa, za a duba.” Gyaran ba wani abu ne mai tsada ba, domin masu sayar da kayan mota na hannu suna da bel da makullai da aka ciro daga irin wannan mota, huda rigar kujera kuma aikin tela ne na ɗan lokaci. Har muka gama kwas ɗin motar tana yadda take.

Wanda zai zauna a Amurka kuma zai nemi lasisin jiha, ko wanda yake da niyyar yin tasi ko kai kaya tsakanin jihohi, zai ci riba da wannan kwas, musamman bayanin rabon iko, da bambancin laifi mai zaman kansa da ɗan rakiya, da ladubban tsayawa ga ɗan sanda, waɗanda malamin yake faɗa da bakin wanda ya gani da idonsa. Mai ziyarar wata ɗaya ko biyu da za a riƙa ɗauka a mota bai buƙatar kashe sefa 35,000. Duk wanda ya yi rajista ya sauke littafin direba na jihar da zai sauka daga shafin hukumar lasisinta, wanda kyauta ne, ya gwada shi da jadawalin makarantar layi bayan layi, inda suka saɓa ya bi na jihar. Kafin ya biya kuma ya nemi a buɗe masa ƙofar baya ta motar koyo, ya ja bel ɗin da hannunsa ya ga ko yana komawa, ya nemi makullin. Idan aka ce masa za a gyara, ya riƙe kuɗinsa har a gyara, tunda ana buɗe sabon aji kusan kowane wata.